Hayaƙin da Ba na Turare Ba

Zermu, ranar Litinin bayan la'asar.

Zuwa ga ƴata Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da jikana kuma angona Lawan, wanda ya bi ki birnin Damagaram ya bar ni da kaji. Ki gaya masa na ji labarin ya yi sababbin ƴan mata a gidan, kuma ban yafe ba. Allah Ya tsare ku daga sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani, Ya sa ki fara aikin koyarwa a lakkol, makarantar nan, a sa'a. In mijinki ya kira daga Agadas ki miƙa masa gaisuwata.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba. Gero yana inda kika bar shi, mu ma haka. Kin san ni da waya, in na fara magana sai kati ya ƙare ban iso ga abin da na kira dominsa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ki karanta, ki ajiye, in ranki ya huce ki sake karantawa, don na san akwai inda zai ɓaci.

Ranar da muka kai miki kaya gidan hayar Baba Gana a unguwar Garin Malam, ke kina ta yabon fenti da daɓen siminti, ni kuwa sama nake kallo. Har kika ce, "Inna, me kike nema a rufi, ko yanar gizo ce?" Na ce miki e. To ba ita ba ce. Waya nake bi da ido. Na ga ta fito daga zaure siririya kamar zaren ɗinki, an buga ta da ƙusa a jikin azara, ta shiga ɗakinki, ta fita ta shiga na maƙwabciyarki, haka har ƙarshen gida. Duk inda ta gaza an murɗa mata wata an naɗe da baƙar leda. Da firigon maƙwabciyarki, injin sanyin nan nata, ya tashi kuwa, na ga ampul ɗinki, ƙwan fitilar ɗaki, ya lumshe ido kamar mai jin barci.

Da na fito zaure na ga abin da ya hana ni cin abinci ranar. Kontar, mitar kuran, wato wutar lantarki, ɗaya ce ga gidan duka, wannan ba laifi ba ne. Amma dijantar da ke gefenta, akwatin nan da ke faɗuwa ya yanke kuran in kaya sun fi ƙarfinsa, an tokare masa hannu da guntun iccen dogon yaro, an ɗaure da roba, don kada ya ƙara faɗuwa.

Na ce, "Baba Gana, wannan iccen fa? Asuwaki ka ajiye wa kontar?"

Ya ce, "Matar Yaya, kin fara ko? Ke da kika koma ƙauye kina barci tare da kaji, ke ce za ki koya mana kuran?"

Na ce, "Ba wasa nake ba. Gidan nan zai ci wuta."

Ya ce, "In ya ci sai in tare ɗakinki a Zermu. Dama ke tawa ce, jira kawai nake."

Kowa ya yi dariya, har ke. Ni ma na buɗe haƙora, me zan yi?

Matsalar ke nan, Fanna. Ƙanin mahaifinki ne. Tun ranar da aka kawo ni gidansu a unguwar Birni, shi yana saurayi, magana ba ta taɓa haɗa mu ba sai ta wasa. Ko kuka na yi a gabansa cewa zai yi na iya. Ke kuma ƴarsa ce, in ya shigo durƙusawa kike, ido a ƙasa, ga shi ya sauƙaƙa miki haya, nauyi a kan nauyi. Da mahaifinki na raye, Allah Ya jiƙansa, kalma ɗaya zai faɗa wa ƙaninsa a gama. Yanzu kuwa tsakanin wasana da kunyarki iccen nan zai yi zamansa, Lawan kuma yana kwance a ƙarƙashin wayar.

Kin san tabon da ke hannunki na hagu. Kin kuma san labarinsa, don ba bikin da za a taru ba a ba da labarin Madam Hawa da taɓaryarta ana dariya ba. Sai dai kullum daga ƙarshe ake faro shi. Kakata Ya Bintu in tana ba mu tatsuniya, wanda duk ya ce a tsallake a je wurin daɗi, korarsa take ya je ya kwanta. To yau ba tsallake.

Da gidan Birni ya cika, muka fita haya a unguwar Zango, ni na zaɓi ɗakin. Abin da na duba inuwa ce, da pampo a tsakar gida, da wurin da zan shanya iccen turarena, tunda haɗa turaren wuta shi ne sana'ata kamar yadda yake sana'ar uwata. Na ƙwanƙwasa ƙofa na ji ƙarfe ce, na ce ɓarawo ya yi kaɗan. Ban ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Da na ɗaga, da na ga irin abin da na gani a ɗakinki, har da ƙari, don a can an shimfiɗa leda a ƙarƙashin rufi saboda ƙasa mai zubowa, wayar kuma tana kwance a kanta. Don haka ke ki riƙa ɗaga kai. In fanka ta daɗe tana juyi ki taɓa priz, inda kike jona ta a bango, da bayan hannu. In kin ji ɗumi, ko kin ga bakinsa ya yi launin ƙanzo, ko kin ji wari kamar na roba a wuta, ki zare komai, kada ki ƙara sa kome a wurin sai an gyara.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, Madam Hawa, matar wani jandarma da ke ɗakin da ke kallon namu, ta sayi firigo babba tana sayar da ƙanƙara da lamurje. Wata ta sayi ƙarfen guga na kuran. Kowa da fankarsa. Sai dijantar ya shiga faɗuwa, safe, rana, musamman gab da shan ruwa lokacin da rai ya kai wuya. Da ya faɗi sai ki ji tsakar gida ta ɗauka: "Wa ya kunna?" "Ba ni ba ce!" "To aljani ne?" Har gaisuwa ta fara wuya a tsakaninmu.

Rannan muka zauna a inuwa, mu matan gidan, muka yi shari'a. Ba wadda ta yarda ita ce mai laifi, saboda haka muka ɗora wa dijantar, tunda shi ba ya da baki. Madam Hawa ta ce, "Wannan abu raggo ne, ɗan aiki kaɗan ya kwanta." Mahaifinki ya fere icce, ni na yage bakin tsohon zanena aka ɗaure. Daga ranar gida ya zauna lafiya. Har alfahari muke wa matan gidan gaba, muna ce musu namu ba ya faɗuwa.

Ashe duk gidan shi kaɗai ke faɗin gaskiya. In ya faɗi, cewa yake waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ta fara zafi. Mu kuwa muka rufe masa baki muka bar zafin yana tafiya cikin rufi inda ido ba ya kai. Ki riƙe wannan da kyau: in dijantar ya faɗi, kaya ake ragewa. A yi bi da bi kamar yadda ake yi da turmi, mai guga ta jira mai firigo, mai dafa ruwa ta jira mai guga. Gyaran gaske kuwa, wanda nake so ki nema a wurin babanki Baba Gana, shi ne kowane ɗaki ya samu ɗan dijantar nasa, don in ɗaya ya yi nauyi nasa kaɗai ya faɗi, faɗa ma ya ƙare. Wayar priz ta zama mai kauri, siririya ta tsaya ga ampul. A zura su cikin tiyo, kada su kwanta kan icce ko leda, mahaɗa kuma ta shiga akwati a ɗaure ta da noti. Akwai wani irin dijantar da ke yankewa nan take in kuran ya bi jikin mutum. Ki ce a sa shi, don na ga angona da ƙusa a hannu yana auna ramin priz. Kuma mai aikin ya zama wanda sana'arsa ke nan, ba maƙwabcin da ya iya murɗa waya ba. Mahaifinki ya iya murɗa waya. Kin ga inda ta kai mu.

Yanzu na zo kan Magulmaciya.

Kawunki Kyari, lokacin yana aiki a Arlit, ya zo hutu ya kawo mini wata farar aba kamar murfin kwano. Ya hau kujera ya manna ta a rufin ɗakina, ya ce, "Yaya, wannan in ta ji hayaƙi ihu take, ko barci kike sai kin tashi." Na ce, "Kyari, ka san abin da nake sayarwa kuwa?" Ya ce, "Ai turare daban, gobara daban." Shi ya san haka. Ita ba a gaya mata ba.

Washegari na zuba sabon haɗi a kasko don in gwada, sai ta tsala ihu. Mata suka fito da guga, wata ba ɗankwali. Aka yi dariya aka watse. Kashegari haka. Jibi haka. Matan gidan suka raɗa mata Magulmaciya, wai ba na iya turara ɗakin mijina sai ta sanar da unguwa. Ranar da dangin wata amarya suka zo zaɓen turare ta buɗe baki a kansu, har wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da kasko, na ce ya isa. Na hau turmi, na buɗe cikinta, na cire pil, batirin da ke ba ta rai, na jefa cikin kwalla. Na bar ta a manne don kada Kyari ya zo ya ga ba ta nan ransa ya ɓaci. Wato ga kunya ma ta sake shigowa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana kamar ta sauko ƙasa. Kina da kamar shekarun Lawan yanzu. Na kwantar da ke, na kunna miki fanka, na ja ƙofa na sa kwaɗo don kada ki farka ki fita titi, na ɗaure makulli a bakin zanena. Gidan amarya zan kai turare, nan bayan masallaci, na ce yanzu zan dawo. Kin san yanzun gidan biki.

Waya ta yi zafi a rufi, leda ta kama. Hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa. Matan gidan suna zaune a inuwa suna tsince shinkafa, sun gan shi da idonsu. Amma wace rana ce hayaƙi bai fita daga ƙofata ba, ni Kaltum mai turare? Madam Hawa da bakinta ta gaya mini daga baya, ta ce ta shaƙa ta ce, "Kai, wannan haɗin na yau bai yi ba, ƙauri yake." Wata ta ce, "Kada ki gaya mata, ranta zai ɓaci." Suka ci gaba da tsince shinkafarsu.

Wannan wurin ne ba a faɗa in ana ba da labarin a biki. Mata masu hankali, masu ƙaunata, suna zaune taku kaɗan daga gare ki, hancinsu ya gaya musu, sabo da kara suka hana su tashi. Abu ɗaya ne a gidan da bai san sabo ba, bai san kara ba, bai damu da ran kowa ya ɓaci ba, shi kuwa hanjinsa na cikin kwallata.

Sai da leda ta narke ta ɗigo miki a hannu kika tsala ƙara. Sauran kin sani: Madam Hawa ta ɗauki taɓarya ta yi ta dukan kwaɗo tana zagin wanda ya ƙera shi har kakanninsa, ta shiga ta fito da ke a naɗe cikin zanenta. Wata ta ɗauko bokitin ruwa za ta watsa, Allah Ya sa wani tsohon tela da ke ɗakin zaure ya daka mata tsawa, ya fizge iccen nan, dijantar ya faɗi, sannan aka watsa. Ni ina can ina yaba lallen amarya. Da na iso, ƴan pompiye masu kashe gobara na naɗe tiyonsu, ɗaki ba rufi, makulli yana nan daram a bakin zanena.

Saboda haka kada ki taɓa kulle Lawan a ɗaki, ko shagon bakin titi za ki. Ki goya shi ko ki miƙa shi hannun wata. In wuta ta tashi daga waya, ku fara fita, a yanke kuran daga zaure, ruwa sai bayan an yanke. Ki ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, yashi dai ba a rasa shi a Damagaram ba. Lambar ƴan pompiye kuma ki sa ta a wayarki yau.

Ƙullin da ke tare da takardar nan, ki kwance shi a hankali. Ranar da na bar ku ban wuce tasha kai tsaye ba, sai da na bi shagunan kayan kuran ɗaya bayan ɗaya har na samo na'urori biyu masu ihu irin Magulmaciya. Kuɗin jar akuyar nan da na sayar ne suka tafi dominsu, kada ki yi mini maganarta. Na taho da su Zermu ne don in gwada su da turarena kafin in ba ki, kuma na gwada, har limamin unguwa ya aiko a tambaya ko lafiya.

Mai faɗin ita ce ta hayaƙi, jikar Magulmaciya. Ta rufin ɗakin kwana ce, a tsakiya, ba a lungu ba. Na zaɓi wadda pil ɗinta ke rufe a ciki, ba ya ciruwa, yana shekaru. Mai shagon ya ce akwai mai sauƙi wadda ake canza mata pil. Na ce, "Ɗana, na san hannun da zai cire shi, ni na haife shi." Tana da maɓalli a ciki. In turare ne ya tashe ta, ki danna da sandar tsintsiya, za ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta koma gadinta da kanta. Na kuma gano in kasko yana bakin ƙofa, taga a buɗe, garwashi kaɗan, ba ta cewa uffan. Kaya kuwa ki turara su a waje. Ƙaramar ta zafi ce, ba ruwanta da hayaƙi sai wuri ya yi zafin da ya wuce hankali. Wannan ta madafar da kuke tarayya ce, inda in an sa ta hayaƙi ba za ta kwana biyu ba wata za ta sauke ta da muciya.

Ranar da za ki manna su, ki tara matan gidan ki danna su ji kukan. Ki ce musu in sun ji shi, ko sun ga hayaƙi a ƙofarki, su buga, su shigo, ko wanka kike. Ki ce kin yafe musu sallama. Ke ma ki roƙi irin wannan izini a ɗakunansu. In da hali kowace ta sa tata, don rufinku ɗaya ne, wutar da ta tashi a ɗakin ƙarshe ba za ta tsaya tambayar ɗakin wa ke gaba ba.

Ga kwalbar turare nan ma, haɗin Ya Bintu ne. Ban ce ki daina ba. Ƴar Barno da ɗakinta ba ƙamshi, me zan gaya wa dangi?

Saura Baba Gana. Na'urorin nan ihu kawai suka iya, ba sa gyara waya. Ki same shi shi kaɗai bayan la'asar, ba a gaban ƴan haya ba, kada ya ga an tozarta shi. Ki durƙusa yadda kika saba, ki gaishe shi har gaisuwa ta ƙare. Sannan ki naɗe hannun rigarki na hagu ki ce, "Baba, ka san wannan." Ya sani. Shi ya ɗauke ki a bayan babur zuwa likita ranar, yana tuƙi yana kuka, ko da yake zai ce ƙura ce ta shiga idonsa. Ki ce, "Iccen da ya yi mini wannan, irinsa ne a zaurenka, jikanka kuma yana kwana a ƙarƙashinsa." Daga nan ki yi shiru, kada ki cika wurin da ban haƙuri. In ya ce gyara da nauyi, ki ce a cire iccen yau, wannan kyauta ne, sauran a bi shi ɗaki ɗaki, ku ƴan haya ku kama masa. Ba mugu ba ne. Bai taɓa jin maganar daga bakin da ba na wasa ba ne kawai.

Na san za ki ce, "Inna, da wane ido?" Da idon da kike tsayawa gaban yara cike da aji. Rashin kunya daban, wannan daban. Ni na yi kara, na yi kunya, na kiyaye ran kowa, ke kika biya da fatar hannunki.

In kuwa kin kasa, to ki sani ranar Juma'a ina cikin motar farko. Zan shimfiɗa tabarmata a zaurensa, ƙarƙashin kontar, da kaskona da butata. Duk wasan da ya yi ba zan mayar ba, ko murmushi, mu ga yadda zai yi da matar yayansa in ta ƙi dariya. In rana ta faɗi iccen na nan, zan goya angona mu koma Zermu, ke ki zauna da fentinki. Kin san ban iya barazana ba, abin da zan yi nake faɗa.

Allah Ya kare ku daga wuta, ta duniya da ta lahira. Ya tsare shigarku da fitarku, Ya haɗa ki da maƙwabta irin Madam Hawa, Ya sa kada ki taɓa bukatar taɓaryarsu. Ya raya Lawan, Ya yi miki albarka.

Da kin manna jikar Magulmaciya a rufi, ki kira ni. Ba sai kin yi doguwar gaisuwa ba. Ki ɗaga wayar sama, ki danna maɓallin, ki bar ta ta yi ta yi. Tun kina goye na rufe wa kakarta baki, yanzu so nake in ji ta da kunnena.

Mahaifiyarki,
Kaltum